Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Hausawan Agege Kan Magunguna Da Sinadaran Da Ake Zubarwa A Rafin Unguwarmu

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Hausawan Agege,
Ta hannun masu unguwanni da limamanmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya ƙara wa fada kwarjini. Bayan gaisuwa ta addini da ta biyayya, mu 'ya'yanka mazauna layukan da ke bin gaɓar rafin nan da ake kira kanal muke durƙusawa gabanka da wannan kuka. Cikin masu sa hannu akwai ma'aikatan ɗakin gwajin jini da fitsari, ma'aikatan jinya, masu haɗa magani, malaman dabbobi, masu kiwon kaji, mahauta, masu lambu da 'yan ga-ruwa. Idan a wani wuri harshenmu ya yi kaushi muna neman afuwa tun yanzu, ɗa ba ya ɗaga murya gaban ubansa sai abu ya ci ransa.

Ranka ya daɗe, abin da ya faru daren Alhamis da ta wuce shi ya sa tura ta kai bango. An yi ruwa bayan isha'i, kuma kamar yadda suka saba, masu jiran ruwan sama su fake da shi suka buɗe bututunsu. Da asuba masu fita masallaci suka tarar kumfa fari fat ya rufe rafin gaɓa zuwa gaɓa, a ƙarƙashin gadar katako ya taru har gwiwa. Wari ne irin na ɗakin asibiti da aka gama gogewa, mai kama maƙogwaro, gauraye da warin masai. Da gari ya waye aka ga tarwaɗa sun juya ciki sama. A bakin gadar kuma ga buhuna an jefar, wasu sun fashe: katin kafso mai ja da rawaya, kwalaben garin sirop na yara da ya dunƙule, kwalabe masu ruwan ƙasa na allurar shanu, wasu da saura a ciki, ga sirinji da allura a jikinsu. Kwanan watan da ke jiki ya nuna duk wa'adinsu ya wuce. Kafin manya su ankara, yara sun tsinci kafson suna ɓarewa suna zuba garin a ruwa don su ga rawaya tana bazuwa. Ranar Juma'a ce, kuma da ruwan rijiyoyin gefen nan aka yi wankan zuwa masallaci.

Mutuwar kifin ita ce ido ya gani. Abin da ya hana mu barci shi ne abin da bai mutu ba, kuma shi muke roƙon Sarki ya yi haƙuri ya saurara mu warware masa.

Allah ya taimaki Sarki, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake ce wa antibayotik, yana da ma'auni. Idan ya kai ma'aunin ya kashe bakteriya. Idan ya gaza, sai ya kashe raunanan kawai ya bar masu taurin kai. To maganin da ya faɗa rafi ba ya taɓa kai wannan ma'aunin, ruwa ya tsinka shi. A cikin miliyoyin bakteriyar da ke ruwan nan akwai ɗaiɗaikun da Allah ya halitta da wata kariya. Wata tana da abu kamar famfo a fatarta, magani na shiga tana turo shi waje. Wata tana fitar da wani sinadari da ke datse maganin kafin ya taɓa ta, haka suke yi wa dangin fanisilin irin su Ampiclox. Wata kuma ta sauya ainihin wurin da maganin ke kamawa. Tsinkakken maganin nan ya rage musu abokan gasa, abinci ya zama nasu, su yi ta hayayyafa. Ƙwayar E. coli, wadda ke cikin bayan gidan mutum da na dabba, idan ta samu ɗumi da abinci yadda take so tana rabuwa biyu duk minti 20. Guda ɗaya a awa 7 ta haura miliyan biyu. Ɗumi kuwa Legas ba ta rasa shi rani da damina, abinci kuma ga jini da tumbi da kashin kaji muna zuba musu kyauta. Masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun nuna a 2011 cewa ko maganin ya yi ƙasa da ma'aunin hana bakteriya girma sau ɗari, ya isa ya fifita masu bijirewa a kan sauran. Saboda haka wanda ya ce ai ruwa ya tafi da shi, bai san abin da yake faɗa ba.

Abin bai tsaya nan ba. Bakteriya tana ba 'yar uwarta laƙani, kamar yadda ɗan tauri ke ba yaronsa. Akwai wani ɗan zobe na ƙwayar gado da ake kira filasmid, a kansa ake rubuta asirin kariyar, kuma idan ƙwayoyi biyu suka manne da juna sai ɗaya ta miƙa wa ɗaya kwafinsa, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Wurin da wannan ya fi faruwa shi ne yauƙin nan mai santsi da ke manne a duwatsu da bangon kwalbati da bakin bututu, da kuma baƙin laka na ƙasan rafi. A nan ƙwayar da ba ta cutar da kowa take zama kafaɗa da kafaɗa da ta taifod da ta amai da gudawa. Zobe ɗaya kuma yakan ɗauki asirin magani uku ko huɗu a haɗe, ta yadda kafson tetirasaikilin da yaro ya ɓare ranar Juma'a yana iya raya ƙwayar da Septrin ma ba ya kama ta.

Ga kuma wanda mutane ba su cika ɗauka da zafi ba, wato sabulun magani da ruwan goge ɗaki. Da yawa daga sabulan da ake tallata cewa suna kashe ƙwayoyin cuta suna ɗauke da tirikilosan ko ɗan uwansa tirikilokaban, ruwan goge-goge kuma wasunsu na ɗauke da benzalkoniyom. Famfon da bakteriya ke turo tirikilosan waje da shi, shi ne dai yake turo magungunan antibayotik irin su sifro da tetirasaikilin. Ke nan ruwan wanka yana horar da ƙwayar da za ta gagari maganin asibiti, alhali ba ta taɓa haɗuwa da shi ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa tirikilosan da tirikilokaban, cikin jerin sinadarai 19, a sabulun wanke hannu da jiki na gida tun watan Satumba na 2016, bisa hujjar cewa masu yin su sun kasa nuna sun fi sabulu na yau da kullum da ruwa amfani. Mu a nan har yau uwa tana ƙara kuɗi ta saye shi don tana ganin gata take yi wa ɗanta. Hatta tagulla da zinki da ke tsiyaya daga wuraren gwangwan suna taimaka wa wannan aiki, don asirin jure ƙarfe da na jure magani sukan hau zobe guda.

Ranka ya daɗe, ba mu ne muka ƙirƙiro maganar nan ba. Alexander Fleming, wanda ya gano fanisilin a 1928, da bakinsa ya yi gargaɗi lokacin karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa wanda ya sha ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin jurewa. A 2019 masu bincike na Jami'ar York ta Ingila suka auna ruwan koguna a wurare 711 cikin ƙasashe 72, suka samu antibayotik a kashi 65 cikin ɗari, kuma Najeriya na cikin ƙasashe biyar da aka fi samun ya haura ƙima, tare da Bangaladash, Kenya, Ghana da Pakistan. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce bijirewar bakteriya ga magani ita kaɗai ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowa asara. A lardin Sindh na Pakistan, tun 2016, wata taifod ta ɓulla ta hanyar ruwan sha da ya gauraya da na masai, ta gagari dangin magani biyar, har da sifro da allurar seftirayazon da asibitocinmu ke dogara da ita idan abu ya yi tsanani. Mu da muka ga abin da amai da gudawa ta yi a Legas a watan Yuni na 2024, ba ma fatan ranar da irinta za ta zo ta tarar magani ba ya ci.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma gaskiya ita ce namu ma suna ciki, ba za mu ɓoye wa Sarki ba. Allurar LA da ake yi wa shanu, wato oksitetirasaikilin, ma'auninta mililita 1 ne ga kowane kilo 10. Sa mai kilo 300 yana shan mililita 30, giram 6 na magani ke nan. Kaso mai yawa na wannan yana fita ta fitsari da kashi da ƙarfinsa, gwargwadon irin magani daga kashi 30 har zuwa 90 cikin ɗari. A jikin kwalbar an rubuta a jira galibi kwana 21 zuwa 28 kafin yanka. Amma dabba ta sauko daga tirela a galabaice, a caka mata allura da yamma, da safe a yanka ta, a wanke tumbi da hanji a tura kwata. Masu kaji kuma suna zuba tailosin da garin tetirasaikilin a ruwan shansu tun suna 'yan tsaki, ba don ciwo ba, don gudun asara da saurin girma, abin da Tarayyar Turai ta haramta yi don ƙiba tun 2006. Ragowar ruwan da kashin duk rafi suke nufa. Sai gidajen wanka da bahaya da suka haɗa bututunsu kai tsaye da kanal don su huta da kuɗin kwasar sokawe. Sai motocin kwasar masai da ke zuwa bayan ƙarfe ɗayan dare da fitila a kashe. Sai ƙananan wuraren kwantar da marasa lafiya na cikin lungu, da masu haɗa sabulun ruwa da ruwan goge ɗaki a bayan gida, masu wanke durom-durom ɗinsu a gota. Wanda ya jefar da buhunan daren Alhamis kuwa, ko wane ne, mutum ne da ya san abin da ke ciki, ya san inda doka ta ce a kai, ya zaɓi bakin gadar da 'ya'yanmu ke bi zuwa makarantar allo. Wannan ba jahilci ba ne. Ganin mu ya yi ba mu da mai tsaya mana.

Yadda abin ke dawo mana kuwa a fili yake. Masu lambu da ruwan nan suke ban ruwa, latas da kabeji da ake yanka wa mai tsire da mai shayi ɗanye ake cin su. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi rafin ya cika ya shiga tsakar gida, ya gangara rijiyar da bakinta ke daidai da ƙasa. Ƙa'idar da aka sani ita ce a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da sokawe, a layukanmu kuwa akwai inda taku biyar ne. Daga rijiyar ɗan ga-ruwa ya cika jarka ya kai gida goma. Yaro mai ƙaramin rauni a ƙafa ya tsallaka ruwan, gyambon ya ƙi warkewa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu E. coli ko guda a mililita 100 na ruwan sha.

Duk mai aikin gwaji ya san yadda ake gane wannan. A shuka ƙwayar da aka samu a fitsari ko a gyambo a kan faranti, a ɗora ƙananan takardu kamar ƙwayar magani, kowace da irin maganinta, a sa a ɗumi na digiri 35 na awa 16 zuwa 18. Inda magani ke aiki za a ga fili tas ya zagaye takardar. Inda ba ya aiki, ƙwayar ta yi girma har ta hau kanta. Ampisilin da Septrin da tetirasaikilin, waɗanda talaka ke iya saye, sau da yawa haka ake tarar da su a ciwon fitsari, babu fili ko kaɗan. Sai a koma allura, sai kwanciya, sai kuɗin da mai tura baro ba shi da su. Mai jego da jariri da tsoho da mai ciwon suga su ne farkon faɗuwa, a ce ajali ne. Ajali gaskiya ne, ranka ya daɗe, amma sababi ma gaskiya ne.

Ba yau muka fara kuka ba. Mun rubuta, mun sake rubutawa, mun tura dattawa, mun je ofis an ce mu dawo, mun dawo an ce mai sa hannu ba ya nan. An taɓa zuwa aka ɗauki hoto, shiru kamar an shuka dusa. An taɓa turo masu yashe kanal, suka kwaso baƙin lakar nan suka jibge ta a bakin hanya, wadda ita ce ma ta fi riƙe magani, domin tetirasaikilin da sifro manne wa laka suke yi. Ruwan farko ya mayar da rabinta, sauran ta bushe iska ta kai ta cikin shaguna. Mun yi wa'azi a masallatai, mun yi aikin gayya, mun gaji da lissafin sau nawa.

Saboda haka muna roƙon Mai Martaba, don girman Allah, ya sa baki da kansa. Kalma ɗaya daga fada ta fi takardunmu ɗari. Muna roƙon ya kai maganar ga shugaban ƙaramar hukuma, ya nemi Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Legas, LASEPA, ta zo ta bi gaɓar nan da ƙafa, bututu bayan bututu, ta toshe duk wanda ke zuba cikin rafi, domin dokar kare muhalli ta jihar ta 2017 tana nan. Kuma a auna ruwan, amma awo na gaskiya. A ɗiba a wuri uku, sama da unguwa, daidai bakin bututun, da ƙasa da gada. A ɗibi laka tare da ruwa. Na gwajin bakteriya a kwalba mai tsabta da aka turara, a sa a ƙanƙara, ya isa ɗakin gwaji cikin awa 6. Na gwajin sinadari a kwalbar gilashi mai duhu, don hasken rana yana lalata wasu magungunan kafin a auna. A ɗiba da dare bayan ruwan sama, a sake ɗiba da rani. Wanda ya zo da hantsi ranar da babu zuba zai koma ya rubuta cewa lafiya lau. A haɗa da rijiyoyin da ke kusa, a nemi E. coli mai gagarar seftirayazon musamman, ita ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka ma'auni na bin wannan matsala tsakanin mutum da dabba da ruwa. Sakamakon kuma a kawo fada a karanta mana da Hausa.

Muna roƙon a sanar da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa, NAFDAC, zancen buhunan nan, domin kowane kwali yana da lambar rukuni da za a iya bi a gano hannun da ya fito. Sirinji da allura kuma, hukumar kwasar shara ta Legas, LAWMA, tana da sashen kwasar sharar asibiti, a nemi su zo. A samar da wuri guda mai makulli inda masu kemis da masu maganin dabbobi za su riƙa kai abin da ya lalace, kada wani ya sake cewa bai san inda zai kai ba.

Na cikin gida kuwa, wannan a hannun Sarki yake. A kira sarkin fawa da shugabannin 'yan tike da masu kaji da masu gidan wanka, a zaunar da su a fada. Dabbar da aka yi wa allura a sa mata alama, kada a yanka sai kwanakinta sun cika. Jini a tare shi a mazubi, abin cikin tumbi da kashin kaji a tara su tsibi a kan siminti nesa da ruwa, a riƙa juyawa, domin idan tsibin ya ɗau zafi ya kai digiri 55 na kwanaki, yana kashe mafi yawan ƙwayoyin ya rage maganin, ya zama takin da masu lambu za su saya da kuɗinsu. Gidan wanka ya gina sokawe ko ya rufe. Masu rijiya su ɗaga baki, su yi daɓen siminti a zagaye, su sa murfi. A gida a tafasa ruwan sha ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur, ko a sa kulorin a jira minti 30. Sai dai a sani, tafasawa ƙwayar take kashewa, ba ta kwashe duk ragowar magani daga ruwan, shi ya sa muke nanata cewa a tare abin daga inda yake fitowa. Limamai kuma su ci gaba da faɗa a huɗuba: a daina sayen kafso biyu na naira kaza don mura, mura ba bakteriya ba ce, kuma sabulu na yau da kullum ya wadatar.

Sannan gadi, ranka ya daɗe. Mun faɗa a baya muna sake faɗa, duk wannan ba zai yi amfani ba idan bakin gadar nan ya ci gaba da zama cikin duhu. A sa fitila. A ba 'yan sintirinmu izini daga fada su rubuta lambar duk motar da ta tsaya a wurin bayan tsakar dare su kawo, ba tare da sun taɓa kowa ba. Matasanmu ransu a ɓace yake, mu ne muke riƙe da su da sunan Sarki, kuma ba ma son a kai ranar da za su daina jin maganarmu. A kuma kira LASEPA, don Allah a kira su kafin ruwa na gaba.

Buhunan suna nan, mun kwashe su da safar hannu mun kulle a wani shago da babu kowa. Ba mu ƙona ba, don hayaƙinsu wata gubar ce, kuma ba ma son shaida ta ɓace. Muna roƙon Mai Martaba ya turo wakili daga fada ya gani da idonsa, in da hali da sassafe bayan an kwana ana ruwa, makullin yana hannun limamin layin.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya kare shi da iyalansa da talakawansa.

Mu ne 'ya'yanka masu biyayya,
Mazauna layukan gaɓar kanal, Agege, Legas.
Sa hannu da dangwalen yatsa suna a takardun da ke maƙale.